Ta'aliƙi a kan Waraƙa ta Bakwai: Maganar Asalin Gaba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Wannan waraƙa ta bakwai ta fi ƴan uwanta duhu, domin hannu ya fi taɓa ta. Takardar irin mai wata uku ce wadda fatake ke kawowa ta hanyar Tarabulus, baƙin da tawada, wasullan da ja. Marubucin bai faɗi sunansa ba, bai kuma sa shekara ba, sai dai ya ambaci Sarkin Katsina Ɗan Baskore da irin addu'ar da ake yi wa mai rai, ke nan ya rubuta ta kafin 1875. A layi na biyu akwai kalmar da ta tuntsurar da ɗalibai: angai da ba, babu alifi a tsakaninsu, har wasu suka karanta ta da ma'anar abin da ke tafe. Ba haka ba ne. Ya maimaita ta a layi na tara da alifinta cikakke, kuma zancen duka a kan ƙiyayya yake. Gaba yake nufi, irin wadda ke hana gaisuwa.

Abin da matanin ya ƙunsa shi ne: gabar da ke tsakanin Katsinawan Maraɗi da Gobirawan Tsibiri a gefe guda, da mutanen Sakkwato a ɗaya gefen, asalinta jini ne. A wurinsa Hausa da Fulani halitta biyu ce da ba ta zama inuwa ɗaya, kuma abin ya bayyana ranar da aka fitar da Sarkin Katsina Magajin Haladu daga birninsa. A gefen dama kuwa akwai hashiya da shuɗin Bic, kuma na san hannun, na mahaifina ne, Allah Ya jiƙansa. Ya rubuta cewa haka gabar Bani Isra'ila da Larabawa take, gabar ƴan uba ce tun daga ɗakin Saratu da ɗakin Hajara, ba ta da magani sai busa ƙaho. Ina tune da daren da ya rubuta ta. Cikin azumin 1393 ne, wato Oktoban 1973, ina yaro, manya sun kewaye akwatin rediyo a zaurenmu bayan tarawihi suna jin labarin sojan Masar sun ƙetare mashigin Suwais.

Na daɗe ina wuce wannan hashiya in na zo karantar da waraƙar. Abin da ya tsayar da ni a kanta shi ne wani ɗalibi da ya ce mini: "Gafarta Malam, tunda Malam babba ya rubuta haka, ashe mu ma da Sakkwatawa sai tashin kiyama?" Na ce masa: "Ɗana, zauna." Saɓa wa uba a mas'alar ilimi ba ya cikin saɓa wa iyaye da aka hana, shi da kansa ya koya mini haka, kuma Shehu Abdullahi ya saɓa wa yayansa Shehu Usmanu a mas'aloli ba tare da ladabi ya ragu ba. Ni a ganina matanin da hashiyar kuskure ɗaya suka yi, kuma zan fara da na gida, domin shi muka fi sani.

Ka sani, ya kai mai neman sani, wanda duk ya ba ka labarin rigima ya riga ya yanke hukunci tun a wurin da ya zaɓa ya fara. Marubucinmu ya fara daga faɗuwar Katsina wajen 1807, da mutuwar Magajin Haladu a rijiyar Ɗankama, da gudun Ɗan Kasawa zuwa Damagaram. Wanda ya fara daga nan ba zai ga kome ba sai sarki da aka kora daga gadon kakanninsa. Sultan Muhammadu Bello a Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1227, wato 1812, ya fara daga wani wuri: wa'azin Shehu a Ɗegel, da dokar Sarkin Gobir Nafata wadda ta hana wa'azi da rawani da lulluɓi, da harin da aka kai wa jama'ar Abdussalami a Gimbana aka kama masu karatu aka ɗaure, sa'an nan hijira zuwa Gudu a 1218, wato 1804. Wanda ya fara daga nan kuwa ba zai ga kome ba sai malamai da aka matsa wa har suka kare kansu a Tabkin Kwatto. In ka je Tsibiri, wadda ƴan lakwal ke rubutawa Tibiri, maroƙan fada za su fara maka daga Alƙalawa, yadda aka ci ta a 1808 aka kashe Yunfa, da yadda aka kashe Sarkin Gobir Ali tare da Sarkin Katsina Rauda a Gawakuke a 1836, har Mayaƙi ya zo ya kafa sabon gari kusa da Maraɗi. Amma Bazamfare zai ce da su: ita Alƙalawar a gonar wa aka gina ta? Gobirawa baƙi suka zo ƙasar Zamfara aka ba su wurin zama, daga baya Babari ya ci Birnin Zamfara, shekara arba'in da wani abu kafin jihadi. Wani dattijo a Jiratawa kuma ya taɓa ce mini su nasu labarin ba daga birni ya fara ba. Kakanninsu suna cikin wannan fadama ta Gulbi tun kafin ƴan sarki su zo, wakilin da Katsina ta aje musu, mai suna Mani, ya tsananta musu, suka tashi suka kashe shi, sa'an nan suka aika aka kira Ɗan Kasawa wajen 1819. Ya ce: "Malam, mu muka kira sarki, ba shi ya kira mu ba." Babu wanda ya yi ƙarya a cikin waɗannan. Kowa dai ya yanke igiyar daga inda hannunsa ya kama.

Maganar jini kuwa ba ta tsayuwa in an gwada ta da sunaye. Abdussalami, wanda saboda jama'arsa wutar ta kama, ba Bafillace ba ne, Ba'are ne. Agali, wanda ke tare da Shehu tun lokacin hijira, Buzu ne. Shehu Abdullahi ya ambata a Tazyinul Waraƙati cewa rundunarsu ta haɗa Fulani da Hausawa da wasunsu. Sa'an nan shi wannan Abdussalami ya yi wa Bello tawaye a Kware a 1817, har Bello ya rubuta Sardul Kalami a kan lamarinsa, Ɗan Tunku kuwa, wanda ya yaƙi Sarkin Kano Ibrahim Dabo shekaru, Bafillace ne. Abin da ya fi wannan: Sarkin Katsina Siddiƙu, ɗan Ummarun Dallaje mai tutar Shehu, wanda ya murƙushe tawayen ƙasar Ruma har ta koma daji, da aka tuɓe shi a 1844 ƙasar Maraɗi ya nufa neman mafaka da taimako. In jini ne ke raba sansani, me ya kawo shi? Marubucinmu yana da rai a lokacin ko kusa da shi, bai ambaci wannan ba ko da kalma.

Wannan riwaya ta jini ta samu masu saye daga baya. Da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a 1903, Lugga ya tsaya ya ce Fulani sun mallaki ƙasa da yaƙi, yanzu su ma an ci su da yaƙi, saboda haka abin da ke hannunsu ya koma hannun Ingila. Faransawa ta wannan gefe su ma sun ji daɗin a ce Maraɗi da Tsibiri wani iri ne dabam, domin iyakar da suka ja ta yi kama da halitta. Landeroin, hafsan da ya tattara tarihin sarakunanmu cikin ayarin Tilho masu shata iyaka daga 1906, ya yi mana amfani, domin ba don shi ba da sunaye da yawa sun ɓace, amma daga bakin fada ya ɗauka, fada kuwa abin da ya ɗaukaka ta take faɗi. Daga baya Murray Last, a littafinsa na 1967, ya koma ga takardun Larabci na gidan Waziri, ya nuna daula ce ta malamai mai dokoki, Mervyn Hiskett ma ya rinjayar da niyyar addini. Yusufu Bala Usman kuwa, a littafinsa kan Katsina da ya fito a 1981, ya yi raddi mai ƙarfi ga masu raba tarihin gida biyu, Fulani da Haɓe, ya nuna birni da karkara da fatauci da gidajen sarauta da na malamai duk suna da hannu a yadda mutane suka rabu. Waɗannan wani ɗalibina da ya karanta tarihi a jami'ar Yamai ya riƙa karanta mini su yana fassarawa, Allah Ya saka masa. Na yarda da Bala Usman a rushe maganar jini. Inda nake ja da wasu masu bin sawunsa shi ne in sun mai da abin duka jangali da kuɗin ƙasa, kamar mutumin da ya bar gidansa a Ɗegel ya bi Shehu cikin yunwa har Tsuntsuwa, inda mahaddata masu yawa suka yi shahada, lissafin shanu kaɗai yake yi. Kitabul Farƙi ya jera zaluncin haraji, gaskiya ne, amma ya jera shi ne a matsayin saɓon Allah. Wanda ya cire wannan ya karanta rabin shafi.

In ka ce: to mu ɗauki riwayar Sakkwato mana mu huta, tunda ta malamai ce. Sai in ce: nan ne ƙaya ta soke ni ni kaina. Littattafan Shehu nake karantarwa tun ina saurayi, da su na san tauhidi da tsarki. Amma kakan mahaifina limami ne a wannan gari, yana ja wa mayaƙan Maraɗi salla kafin su hau, kuma a lissafin wasu takardun can shi da masu binsa salla sunansu ƴan tawaye, ko abin da ya fi haka muni. Ba ni ne farkon wanda wannan ya dama ba. Shehu Laminu na Barno, wato Alkanemi, ya rubuto yana tambaya da wace hujja ake yaƙar masu salla da azumi, ya ce yanka a kan duwatsu da fitar mata da cin hanci saɓo ne da ake samu a ƙasashen Musulmi da yawa, saɓo kuwa ba kafirci ba ne. Bello ya amsa cewa illar ita ce jiɓintar waɗanda ke yaƙar Musulmi da taimakonsu. Malamai biyu, kowa da nassinsa. Abin da nake girmama Bello da shi, ya sa wasiƙun abokin jayayyarsa cikin littafinsa, da ya so da ya ƙone su. Ni dai ban ga yadda hukuncin da aka yanke wa Yunfa a 1804 zai bi jikan talakan Maraɗi bayan shekara sittin ba, alhali ba wanda ke ɗaukar laifin wani.

Mu koma ga hashiya. Mahaifina ya ɗauko ma'aunin marubucin ya auna wata rigima da shi, ma'aunin kuwa da ma karkatacce ne. Da gabar Yahudawa da Larabawa gadon ɗaki ce, da ba a samu ƙarnukan da suka zauna gari ɗaya ba. Musa bin Maimun, babban malaminsu, da Larabci ya rubuta yawancin littattafansa, kuma likita ne a fadar Alƙahira zamanin Salahuddini. Da aka kore su daga Andalus a 1492, daular Turkawa ta Istambul ce ta karɓe su. Ban ce zaman duka lafiya ba ne. An yi musu kisa a Garnaɗa a 1066, kuma Shehu Magili, wanda ya zauna Kano da Katsina muke karanta shi har yau, shi ya sa aka rushe majami'arsu a Tuwat. Amma ko a nan alƙalin Tuwat na lokacin ya saɓa masa, aka yi ta aika tambaya ga malaman Fas da Tilimsan, Wansharisi ya tara fatawoyin a Mi'iyari. Abin da malamai suka yi saɓani a kansa da hujja ba a kiransa halitta. Sa'an nan waɗanda suka fara kuka da shirin Sahayoniyya a jarida, kamar Najib Nassar mai Alkarmil a Haifa a 1908, da Isa al-Isa mai jaridar Filasɗin a Yafa a 1911, Larabawa ne Kiristoci. Herzl kuma, wanda ya tara taron Basel a 1897, ɗan jarida ne na Turai wanda bai damu da ibada ba, malaman Yahudawa da yawa sun yi masa inkari. Ina ɗakin Saratu a nan?

Masana tarihin wannan rigima su ma jayayyarsu ta farko a kan mafari take, kamar tamu. Marubutan Isra'ila na farko sukan fara daga rushe haikalinsu da Rumawa suka yi a shekara ta 70, su biyo ta ƙuncin Turai har kisan da Hitila ya yi musu, mutum miliyan shida, su sauka a kan 29 ga Nuwamba 1947, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yanke a raba ƙasar, su suka karɓa Larabawa suka ƙi. Wanda ya fara haka zai ga korarre ne ya dawo gida aka tare shi da takobi. Marubutan Falasɗinu sukan fara daga zuwan baƙi na farko a 1882, da sayen filaye daga attajiran da ke zaune Bairut ana tayar da manoman da ke kai, ko daga 2 ga Nuwamba 1917, ranar da Balfour, ministan Ingila, ya yi wa wasu alkawarin ƙasar da ba tasa ba, alhali kusan kashi tara cikin goma na mazaunanta Larabawa ne. Rashid Khalidi daga nan ya fara lissafin shekara ɗari a littafinsa na 2020. Wasu kuma, musamman masu sulhu na Turai da Amurka, suna farawa daga 1967, domin in daga nan cutar ta fara, maganinta janyewa daga abin da aka kama a wannan yaƙi, ba a tona abin da ke ƙasa.

Inda jayayyar ta fi zafi shi ne 1948: mutum dubu ɗari bakwai ko fiye sun bar gidajensu, me ya fitar da su? Riwayar hukumar Isra'ila ta ce shugabannin Larabawa ne suka umarce su ta rediyo su kauce har a gama yaƙi. Walid Khalidi ya bincika a 1959, Erskine Childers ya bi rubutattun bayanan rediyo na lokacin a 1961, ba su samu wannan umarni ba. Ba a saurare su sosai ba, domin ana ganin ɗaya mai ƙara ne, ɗaya mai goya masa baya. Sai da aka buɗe taskar takardun Isra'ila bayan cikar shekara talatin, wasu ƴaƴanta suka shiga suka karanta. Simha Flapan ya fitar da nasa a 1987, Benny Morris da Avi Shlaim da Ilan Pappé a 1988, aka sa musu suna sababbin masana tarihi. Morris ya bi garuruwa fiye da 350 ɗaya ɗaya yana rubuta sababin tashin kowane, ya samu mafi yawa harin soja ne ya tashe su, ko tsoron abin da ya samu maƙwabta kamar Dair Yasin a 9 ga Afrilu, wasu kuwa kora ce ƙarara, kaɗan ne suka tashi da umarnin Larabawa. Duk da haka ya hukunta cewa yaƙi ne ya haifi abin, babu shiri guda da aka ƙulla tun farko. Nur Masalha ya ce masa takardun da ka kawo da kanka sun fi hukuncinka nauyi, ya nuna a littafinsa na 1992 cewa maganar kwashe Larabawa ta daɗe a bakin shugabannin Sahayoniyya. Pappé a 2006 ya ce shiri ne, ya kafa hujja da tsarin soja na Maris 1948 da ake kira Dalet, wanda Walid Khalidi ya riga ya yi magana a kansa tun 1961. Ta ɗaya gefen Shabtai Teveth da Efraim Karsh suka taso wa Morris, Karsh yana zarginsa da yanke nassi, yana kafa hujja da Haifa, inda magajin garin, Bayahude, ya roƙi Larabawa su zauna. Wani abin mamaki, shi Morris bai janye abin da ya gano ba, amma a 2004 ya fito ya ce da Ben Gurion ya ƙarasa korar da an huta. Ka ga mai riwaya na iya zama mai kiyayewa a abin da ya ruwaito, ra'ayinsa kuma ya zama abin ƙyama. Malaman hadisi sun riga kowa sanin wannan bambanci.

To da me ɗalibi zai auna? Ni abin da na samu a Risala da Tuhfa shi na riƙe: hujja tana kan mai da'awa, ba a hukunci sai an ji ɓangare biyu, ƙissar Annabi Dawuda da masu husuma a Suratu Sad ta ishe mu, kuma babu shaidar da ta kai iƙirarin mutum a kan kansa. In ka shiga littattafan kowane ɓangare, kada ka tsaya inda suke zargin abokin gaba, wannan kowa ya iya. Nemi inda suka faɗi abin da ke kansu. Yitzhak Rabin ya rubuta a tarihin rayuwarsa yadda aka fitar da mutanen Lidda da Ramla a Yulin 1948, hukumarsu ta cire wurin, daga baya ya fito a jarida a 1979. Wannan ya fi mini shaidar Balarabe ɗari. Haka kuma gwamnatinsu ta zauna a Yunin wannan shekara ta yanke ba za a bar waɗanda suka fita su dawo ba. A nan nake ganin jayayyar Morris da Pappé ba ta canza hukunci: ko kora ce ko tsoro, wanda ya gudu daga gidansa lokacin fitina bai fita daga mallakarsa ba a fiƙihun kowa, hana shi komawa kuwa aiki ne mai rana da masu sa hannu. Larabawa ma suna da nasu iƙirarin. Ƙusɗanɗin Zuraiƙ, wanda ya sa wa abin suna Nakba a 1948, kan shugabannin Larabawa da rarrabuwarsu ya fi sauke laifi. Shlaim ya kawo ganawar Sarki Abdullahi na Urdun da Golda Meir a Nuwamban 1947, kafin a fara. A Halil a 1929 an kashe Yahudawa 67, da yawansu masu karatu ne marasa makami, ko da yake maƙwabta Larabawa sun ɓoye wasu ɗaruruwa a gidajensu. Yahudawan Iraƙi wajen 120,000 sun bar Bagadaza da sauran garuruwa tsakanin 1950 da 1951, bayan zaman da ya girmi Musulunci. Ɗalibin da ba zai iya faɗin waɗannan ba don yana son Falasɗinawa, ya koma ya karanta ayar adalci a Suratul Ma'ida. Ni ma ina son su, kuma ban ga faɗin wannan ya rage musu haƙƙi ko taƙi guda ba.

Wannan ma'auni shi ya sa na ƙara ganin girman Shehu Abdullahi. Ana tsakiyar nasara ya bar runduna ya nufi gabas har ya tsaya Kano, ya rubuta yadda ya ga wasu cikin jama'a sun koma neman mulki da dawaki da ƙwaraƙwarai. Iƙirari ne daga cikin gida. Marubucinmu shi ma ya yi nasa, sai dai bai san ya yi ba. A ƙarshen waraƙar yana yabon hawan da aka yi zuwa ƙasar Katsina da Zamfara, yana lissafa bayin da aka koro kamar mai lissafa damman gero. Su wane ne waɗannan bayi? Ba ƴaƴan masu tuta ba ne. Manoma ne masu Hausa irin tasa, masu salla irin tasa. Shi dattijon nan na Jiratawa, muna zaune bakin gonar zogalensa, ya ce kakarsa a irin wannan hawa aka kamo ta tana yarinya, ta zo da Fatiha da ƙul huwallahu a bakinta, har ta mutu tana faɗin sunan ƙauyensu ba ta sake ganinsa ba. Wanda ya ce asalin gaba jini ne ya gaya mini wane jini ne ya raba wannan yarinya da wanda ya ɗaure ta.

Akwai illa a maganar jini wadda ta wuce kuskuren tarihi. In gaba halitta ce, babu mai laifi: ba Nafata, ba wanda ya hau Gimbana, ba wanda ya koro yarinyar, ba Balfour, ba wanda ya sa hannu a takardar Lidda, ba wanda ya shiga gidajen Halil da wuƙa. Kowa ya zama kamar kura da akuya. Shari'a kuwa ba ta hukunta kura, mutum take tambaya, da sunansa da ranar da ya aikata.

Kada kuma ɗalibi ya zarce ya ce Maraɗi ita ce Falasɗinu, Sakkwato ita ce Isra'ila, na ji wasu samari suna wannan ƙiyasi, wasu ma suna juya shi. Ƙiyasi ne tare da bambanci. A nan babu wanda ya ƙetaro teku ƙarƙashin tutar wata daula, ba a sauya mazauna ƙasa da wasu ba, talakan Katsina ya kwana da sarki ya tashi da wani yana nan a gonarsa. Waɗanda suka fita gidan sarauta ne da mabiyansu, suka zauna a wani yanki na ƙasar Katsina ɗin, suka riƙe sunan sarautarsu har yau. Alƙibla ɗaya ce, harshe ɗaya, aure bai yanke ba, fatauci bai tsaya ba. Shi ya sa da yaƙi ya mutu gabar ta bi shi, yau motar Jibiya da ta Sakkwato ba sa kwana ba su cika ba, ɗalibanmu suna karatu can, nasu suna zuwa nan. Wannan kaɗai ya isa amsa ga ɗalibin da ya tambaye ni, kuma ya isa raddi ga marubucin. Can kuwa mutum yana riƙe da makullin gidan da ya gani da idonsa, wani na ciki, shi ma an haife shi a nan bai san wani gida ba. Abin da ya haɗa mas'alolin biyu shi ne yadda ake karanta masu ba da labarinsu, ban ga wani abu bayan wannan ba.

Wasu cikin masu taimaka mini sun ba da shawara a bar hashiyar a cikin gafaka kada a buga ta, don sutura ga mai ita. Ban yarda ba. Mun buga ta yadda take a ƙasan matani, da ƙananan baƙaƙe, ba mu taɓa ko wasali ba, kamar yadda muka bar wa marubucin alifinsa da ya manta. Layi biyu na ƙarshen waraƙar ruwa ya ci su, mai yiwuwa tun ambaliyar 1945 da ta tashi tsohon gari daga fadama, abin da ya rage a cikinsu sunan Gawakuke ne da rabin wata kalma, kuma da wannan yaƙi waraƙa ta takwas ta buɗe.